Tsara Burin Shekara a Ƙasar Zuru: Hikima Ce ko Wahalar da Kai?

Watan Disamba a Zuru wata ne na hazo da sabuwar dawa da dawowar 'yan gida. Sojoji da 'yan sanda 'yan asalin ƙasar suna zuwa hutu daga barikoki, ma'aikata suna sauka daga Birnin Kebbi da Kaduna da Abuja, ga Kirsimeti, ga bikin gargajiya na Uhola, ga bukukuwan auren da aka yi ta ɗagawa har amfanin gona ya shigo gida. Aljihu da ɗan nauyi, ciki a ƙoshe, sai alkawari ya yi arha. Wannan ya ce shekarar da za ta kama sai ya rufe ginin da ya daɗe tsaye a linta. Wancan ya ce shagonsa zai zama biyu kafin ruwa ya sauka. Wata ta ce sai ta mallaki injin markaɗe nata na kanta, wani kuma ya rantse shi da burkutu har abada. Kafin zafin Maris ya kankama, yawancin waɗannan maganganu ko masu su ba sa tuna sun yi su.

Ganin haka kowace shekara ya raba mutane gida biyu. Wasu suna cewa zama a ɗauki biro a tsara wa shekara buri, a ƙasa irin tamu, wahalar da kai ne kawai: ka tashi da safe ka nemi na yau, gobe ta zo da nata. Wasu kuma suna cewa rashin tsarin ne ma ke cinye jarin mutane, kuma abin da ke mutuwa a watan Maris tun asali fata ne aka faɗa da ƙarfi, ba a taɓa zama an tsara shi ba. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba ta zubarwa ba ce, don haka bari mu ba kowa bakinsa.

Masu ƙin tsarin ba ragwaye ba ne, kuma zalunci ne a ɗauke su haka. Da yawansu sun taɓa tsarawa, tsarin ya juyo ya cije su. Babbar hujjarsu ita ce abin da idon kowa ya gani tun daga 2023. Wanda ya zauna a farkon Janairun shekarar ya rubuta lissafinsa, watan bai ƙare ba takardar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a, saboda sauya fasalin Naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Bankin Najeriya ya yi. A kasuwannin ƙauye, inda ba banki, sabis ɗin waya kuma sai an hau tudu, manomi ya sayar da hatsi da akuya a wulaƙance ga duk wanda ya zo da tsabar kuɗi a hannu. Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Dalar da gwamnati ke bayarwa a kan Naira 460 da ɗoriya ta wuce 1,500 a farkon 2024. Zuru kuwa gari ne da kusan duk kayan shago sai mota ta ɗauko shi daga nesa, ta Kontagora da Rijau ko ta Koko da Mahuta, saboda haka duk tsallen da fetur ya yi sai an ji shi a kan kwalin sabulu da buhun siminti. Suka ce, to, wane biro ne ya hango wannan a Janairu?

Suna ƙarawa da labarin hatsi, wanda ya fi ciwo domin ya ci masu wayo ne. A 2024 abinci ya yi tsadar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Duk mai ɗan kuɗi, har da malamin makaranta da mai fansho, ya yi lissafin da aka gada kaka da kakanni: a saye da kaka yana araha, a ajiye, a fitar da damina ya yi tsada. Wasu da bashi suka cika shaguna da masara da dawa da wake. Sai 2025 ta zo ta juya lissafin. Gwamnati ta riga ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci tun tsakiyar 2024, masu ajiya sun yi yawa, farashi ya riƙa gangarowa a daidai lokacin da aka saba ganin yana hawa, taki kuma ya ƙi saukowa. Wanda ya tsara ya tafka asara, wanda ya cinye kuɗinsa tun da rani ya tashi ba abin da ya yi ciwo. Irin wannan darasi ba ya fita daga zuciya da wuri.

Sai hujja mafi nauyi, wadda ba mai iya yi mata gardama da murmushi. Ƙananan hukumomi huɗu ne a masarautar Zuru, wato Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu, kuma shekaru ke nan 'yan bindiga suna shigowa cikinsu daga dazukan da suka haɗa da Zamfara da Neja. A watan Yunin 2021 'yan sanda sun tabbatar da kisan mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da 60. Ranar 17 ga Nuwamban 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga da asuba, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai fiye da 20, sai bayan mako guda suka dawo. Manomin da bai san ko zai ga ranar girbin abin da ya shuka ba, mai shanun noman da za a iya kore masa su a dare ɗaya, uban da kuɗin fansa zai iya share masa tarin shekara goma, ka je ka ce masa ya rubuta burin shekara? Zai dube ka ya ce, “Ɗana, mu nan kwana muke ƙirgawa.”

Daga nan sai su rufe da addini. Gobe ta Allah ce, arziki rabo ne, wanda ya cika cewa “zan yi, zan yi” kamar yana neman shiga hurumin da ba nasa ba. Wannan magana ana jin ta a masallaci ana jin ta a coci, domin Zuru gari ne da gida ɗaya kan haɗa Musulmi da Kirista da mai bin al'adar kakanni.

Masu tsarin sun fi son farawa daga nan, domin a ganinsu nan ne hujjar ta fi rauni. Suka ce kissar Annabi Yusuf tana cikin littattafan Musulmi da Kirista, kuma ba komai ba ce illa tsarin shekara goma sha huɗu: bakwai na yalwa a tara, bakwai na fari a ci daga abin da aka tara. Ba wanda ya taɓa cewa ya yi rashin tawakkali. Kuma shi kansa dattijon da ke cewa ba ya tsara komai, a bi shi gida ranar da aka gama kai dawa rumbu a gani. Yana tsaye yana ƙirga dami. Ya san dami nawa gidansa ke ci a wata, ya san watannin da suka rage kafin sabuwa ta nuna. Ya ware iri ya rataye inda hayaƙi zai kare shi daga ƙwari. Ya fitar da zakka, ko ya kai baikon godiyar kaka coci. Ya ware na bikin 'yarsa, ya ware na sayarwa domin kuɗin makarantar zango na biyu, sannan ya ja wa matan gida kunne cewa rumbun can na baya ba mai taɓa shi sai Yuli. In wannan ba tsari ba ne, me sunansa? Takarda ce kawai babu. Mutumin da ya fi kowa cewa gobe ta Allah ce, shi ne kuma ba ya yarda a fafe gora ranar tafiya.

Suna da wata hujjar da ta fito daga ƙasar kanta, wato golmo. A al'adar Dakarkari, ko Lelna kamar yadda suke kiran kansu, saurayin da ke neman aure yakan shiga ƙungiyar sa'o'insa su riƙa noma gonar surukinsa damina bayan damina, har shekara bakwai, kafin a ba shi mata, kuma a lokacin Uhola ake yaye waɗanda suka cika wa'adinsu. Ana iya sukar al'adar, kuma boko da addini da kuɗi sun rage mata ƙarfi sosai. Amma a dubi yadda aka gina ta. Burin babba ne, yana da nisa, amma an yanka shi gida-gida, kowace damina da nata rabo. Ma'auninsa a fili yake, domin kunya ko dai an nome ta ko ba a nome ba. Ba kai kaɗai ba ne, akwai sa'o'in da za su zo su tashe ka da asuba in ka yi nauyin jiki, kuma gobe kai ma za ka je gonar surukin wani. Ga ranar ƙarewa da kowa ya sani. Masu koyar da dabarun kasuwanci a otal-otal na Abuja suna karɓar kuɗi mai kauri su faɗi abin da bai kai wannan tsari ba.

Game da 'yan kasuwa kuwa, masu tsarin suna cewa a daina ɗora wa gwamnati kowace gawa. Akwai shagunan da fetur da Dala suka kashe, gaskiya ne. Amma a buɗe littafin bashin mai shagon unguwa, wannan ɗan littafin makaranta da gefensa ya yi baƙi da manja. Malamin firamare, shinkafa mudu biyar, sai ƙarshen wata. Matar ƙanen maigida, sukari da madara, ba a ma rubuta kuɗin ba saboda kunya. Wani abokin ƙuruciya da ya karɓi kaya tun Sallar bara, an ja layi a ƙarƙashin sunansa sau biyu. A cikin aljihun teburin nan da ake zuba ciniki, daga nan ake ɗaukar kuɗin cefane, da na gudummawar biki, da na maganin yaro, ba a rubuta ko ɗaya. Mai shagon yana ganin kuɗi na shiga kullum, yana zaton riba yake ci, alhali uwar kuɗin yake gutsura. Ranar da ya je sarin kaya ya ga abin da ke hannunsa ba zai cika rabin kantar ba, sai ya ce tsadar rayuwa ce. Tsadar tana da nata kaso, amma mutumin da ya yanka wa kansa albashi, ya sa iyaka ga bashin da zai bayar, ya san yawan jarinsa a farkon shekara, shi ne yake gane wutar tun tana hayaƙi. A nan kam ina tare da su ɗari bisa ɗari. Iskar da ta kaɗa kowa ɗaya ce, amma ba kowane shago ta rufe ba.

Sai dai su ma masu tsarin ba bakinsu ɗaya ba, kuma wannan rigimar ta cikin gida ta fi ba ni sha'awa. Matasa suna cewa duk lokacin da babba ya ce “ka yi buri daidai ƙarfinka”, abin da yake nufi shi ne ka zauna inda aka haife ka. Suna kafa hujja da tarihin garin. Ƙasar da aka sani da duwatsu da noman dawa ta fitar da Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, ta fitar da marigayi Sarkin Zuru Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja a Jihar Bauchi a tsakiyar shekarun 1980, da hafsoshi masu yawa. Tsohuwar kwalejin aikin gona ta garin ta zama Jami'ar Noma ta Tarayya a 2020. Suka ce da kowa ya auna burinsa da abin da ke aljihun ubansa, da ba ɗaya daga cikin waɗannan. Wata budurwa mai ɗinki za ta ce maka, “Kawu, in na ce keke ɗaya ya ishe ni, to keke ɗayan zan mutu da shi.”

Maganar tana da daɗin ji, kuma rabinta gaskiya ne. Rabin da suka bari shi ne janar ba a shekara ɗaya ake zama shi ba. Daga ƙaramin hafsa ake farawa, kowane anini da jarrabawarsa da shekarunsa. Girman buri bai taɓa zama laifi ba. Laifin yana wurin cusa aikin shekara bakwai cikin wata goma sha biyu, domin wanda ya yi haka hanya biyu ce gabansa: ko ya karaya a watan uku ya watsar da komai, ko ya ciwo bashin da ya fi ƙarfinsa don ya cike gurbin. Jihar Kebbi ta ga irin wannan da idonta. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a watan Nuwamban 2015, kuma kuɗin da aka raba a faɗin ƙasa ya haura Naira tiriliyan ɗaya, kaso mai yawa bai dawo ba. Wasu sun ci ne da gangan, suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa. Amma akwai mutanen kirki da suka saba da noman eka biyu suka ɗauki nauyin goma, ba su lissafa kuɗin ƙwadago ba, ba su lissafa ambaliya ko yankewar ruwa ba, suka wayi gari ga bashi ga kunya.

To ina gaskiyar take? A nawa ganin, masu ƙin tsari sun yi daidai a kan abu ɗaya babba, wato cewa Naira ba ta da amanar da za a rataya mata burin shekara. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Ma'anarsa, wanda ya shiga shekarar da jarin Naira miliyan ɗaya ya ce burinsa ya kai miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ya kuma kai, ya yi murnar banza, domin sai da kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da hamsin zai sayi kayan da miliyan ɗayansa ta saya masa a farko. Ya cika burinsa kuma ya talauce. Amma maganin wannan shi ne a canza ma'auni, ba a jefar da lissafi ba. Mai shago ya ƙirga jarinsa da kwali da buhu da jarka: a Janairu kantata tana ɗauke da buhun sukari kaza, kwalin taliya kaza, shin a Disamba sun ƙaru ko sun ragu? Mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta ƙirga tiya nawa take murzawa a mako. Manomi ya fara da tambayar buhu nawa gidansa ke ci, ya tabbatar da wannan tukuna, sannan ya yi maganar na kasuwa. A lura, ƙirga da buhu daban, caca da buhu daban. Waɗanda 2025 ta kayar ba abincin gidansu ne ya kayar da su ba, ajiyar da suka yi da kuɗin mutane ce.

Abu na biyu, a rataya burin a kan abin da hannu ke iya kaiwa. Farashin masara a watan Agusta ba ya hannun kowa a Dabai ko Ribah. Amma sayen taki tun da rani kafin a yi rububinsa, da kai takin gargajiya gona, da raba gona tsakanin masara mai cin taki da dawa ko waken suya ko riɗi waɗanda ba su kai ta ci ba, duk wannan yana hannu. Ɗauki ɗan kabu-kabun da ke tuƙa mashin ɗin wani yana kai balas kullum, burinsa ya mallaki nasa. A ce mashin ɗin Naira miliyan ɗaya da rabi ne. In ya raba da kwana 365 ya yaudari kansa, domin akwai ranar ibada, akwai ranar da ruwa zai wuni yana zuba, akwai ranar bakanike, akwai zazzaɓi, akwai makonnin da zai koma gona. A ce kwana 250 ne na aiki. Wannan na nufin ajiye Naira 6,000 kullum bayan mai da balas da cefane. In abin da yake iya warewa ba tare da gidansa ya kwana da yunwa ba Naira 2,000 ne, to burinsa na shekara uku ne, kuma rabon wannan shekara Naira 500,000. Gara ya san haka tun Janairu, ya shiga adashi da mutanen da ya amince da su, duk ɗaukar da ya yi ya mayar da ita tunkiya ko ɗan maraƙi in yana inda kiwo ke da aminci, don kada kuɗin su narke a hannunsa. Wanda ya ce “bana sai mashin” ba tare da wannan lissafi ba, a watan Afrilu zai ga ya tara abin da bai taka kara ya karya ba, ya ce abin ba mai yiwuwa ba ne, ya kashe su a waya sabuwa.

Akwai kuma batun wace shekarar ma ake nufi. Janairu shekarar ma'aikacin gwamnati ce da mai biyan kuɗin makaranta. Musulmi yana da Muharram, kuma manyan kashe-kashen kuɗinsa, azumi da Sallah biyu, suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Manomi kuwa shekararsa tana farawa da ruwan shuka, wajen ƙarshen Afrilu ko Mayu, ta ƙare da kaka. Yawancin mutanen Zuru suna rayuwa cikin duka ukun lokaci guda, shi ya sa tsarin da aka kwafo daga waya, mai raba shekara gida goma sha biyu daidai wa daida, ba ya zama. Kuɗi a nan yana shigowa ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya ƙafe daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da taki da ƙwadago da zazzaɓin cizon sauro ke haɗuwa a kan magidanci. Wanda bai yi wa waɗannan watanni uku tanadi ba, duk sauran burinsa a cikinsu za su nutse.

Burin kai da kai ma haka yake, kuma ba sai an tsawaita ba. Biyu sun isa, uku sun yi yawa. “Zan gyara halina” ba a iya auna shi. “Zan biya bashin da ke kaina kafin in ɗinka sabon kaya”, ko “zan sake zama jarrabawar da ta hana ni shiga jami'a”, ko “zan je a auna mini hawan jini kowane wata”, waɗannan ana sanin an yi ko ba a yi ba. A kuma faɗa wa mutum ɗaya mai iya tambayarka ba tare da jin nauyi ba, ko matarka ce ko yayanka. Sanarwa a majalisa kam ba ta haifar da komai sai abin dariya a watan shida. Sannan kowane tsari ya zo da ƙofar baya: in an rufe hanya fa, in gonar nesa ta gagara zuwa fa, in albashi ya yi jinkiri fa? Mai hankali a wannan ƙasa ba ya tara dukiyarsa duka a rumbu ɗaya a ƙauye ɗaya, kuma wannan darasi ne da aka koya da hawaye.

Hukuncina ke nan: masu tsari sun fi gaskiya, muddin sun yarda su auna da kaya, su yanka babban buri daidai damina, su bar wa abin da ba a zata ba wuri. Amma akwai mutanen da wannan hukunci bai shafe su ba, kuma rashin kunya ne a yi musu wa'azin tsari. Su ne waɗanda suka baro ƙauyukansu a Danko-Wasagu da Sakaba da Fakai suna zaune a gidajen 'yan uwa da kangwaye a cikin gari, gonakinsu sun koma daji. Wanda ba shi da rumbu ba shi da abin ƙirgawa. Burinsu na shekara ba a hannunsu yake ba, yana hannun masu riƙe da tsaro, kuma ma'aunin da muka ɗora wa ɗan kabu-kabu da mai shago shi ya kamata a ɗora wa hukuma. “Za mu kawo ƙarshen matsalar tsaro” irin alkawarin Disamban nan ne da ba a iya aunawa. Muna roƙon Gwamnan Kebbi Nasir Idris da shugabannin ƙananan hukumomin huɗu da 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya su fito a watan Janairu su faɗi sunayen ƙauyukan da mutanensu za su koma kafin ruwan shuka, da hanyoyin da za a tsare ranakun kasuwa, da makarantun kwanan da za a katange a sa musu masu gadi. Su faɗi adadi, su faɗi wata, domin in kaka ta zo mu ma mu zauna mu ƙirga.